Fiza a Birni, Hatsi a Tchaké: Ina Kuɗin Yake Tafiya?

A Tchaké, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, da dami ake ƙirga arzikin gida. Idan kaka ta yi, magidanci ya san damin hatsi nawa ya zuba a rumbu, ya kuma san watan da za su kai shi kafin a fara auno a kasuwa. Koko da safe, fura da rana, tuwo da dare, duk daga zangarniya ɗaya suke fitowa. Ba nan ne mutum zai zo neman gidan pizza ba, abincin nan da bakin Bahaushe ya mayar da shi fiza. Sai dai sunanta ya riga ta isowa. Tana cikin wayoyin samarin da suka dawo daga cin rani, tana cikin hirar ɗaliban da ke karatu a Maraɗi da Yamai, kuma duk wanda ya taɓa kwana biyu a Kano ya ga ɗan babur ɗauke da faffaɗan kwali yana neman lambar gida.

Mutanen birni kan tambayi juna wane gidan fiza ne ya fi daɗi. Tambaya ce mai kyau, zan kuma dawo kanta. Amma wanda ya tashi a ƙasar hatsi yana da wata tambayar da ta fi damunsa: idan ɗan birni ya miƙa kuɗin fiza ɗaya, nawa ne daga ciki ke komawa hannun manomi ko makiyayin ƙasar nan, nawa ne kuma ke tsallake teku?

Asalin fiza abincin talakawa ne. A birnin Napoli na ƙasar Italiya ta girma, inda 'yan dako da masunta ke sayen gurasa mai zafi da aka shafa wa tumatir su ci a tsaye. Ana ba da labarin cewa a 1889 aka yi wa Sarauniya Margherita wata mai tumatir da cuku da ganye, sunanta ya bi irin har yau. 'Yan ci-ranin Italiya ne suka kai ta Amurka, can kuma aka mayar da ita hajar kamfani: Pizza Hut a 1958, Domino's a 1960. A 2012 Domino's ya buɗe shagonsa na farko a Legas ta hannun kamfanin Eat'N'Go. A 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu gasa fiza na Napoli cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Wato abincin da ya fara a hannun marasa ƙarfi ya zagayo ya iske mu a matsayin abincin masu hali.

Kuskure ne a ɗauka cewa alkama baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Alkaki, funkaso, dubulan da taliyar hannu sun daɗe a cikin gara da kayan salla. Gurasa ma, wadda sunanta ya nuna daga Larabawa ta zo, ta zama 'yar gida a Kano, unguwar Jakara ta yi suna da ita. Duk wanda ya ci bandashe, gurasar da aka yayyafa wa ruwa aka barbaɗe da garin ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa, aka jera albasa da tumatir a kai, ya riga ya san tsarin fiza tun kafin ya ji sunanta: faifan ƙulli daga tanderu, da kayan haɗi a bisa. Bambancin shi ne a da alkama ta ranar biki ce. Kaɗan ake nomawa a fadamu lokacin hunturu da kuma lambunan duwatsun Ayar, kaɗan ake ci. Abin da ya sauya a ƙarni na 20 shi ne ta sauko daga akushin biki ta shiga cimar kullum.

Burodi ne ya share hanya. A Najeriya, kamfanin Flour Mills ya fara niƙa alkamar waje a Apapa a farkon shekarun 1960, daga baya aka kafa injin niƙa a Kano. A Nijar, Faransawa suka bar mana dogon burodinsu. Teburin mai shayi ya kai burodi kowace tasha da kowace kasuwar ƙauye, har irin kasuwannin mako na ƙasar Mayahi da Tasawa. Sai Indomie ta biyo baya, ta shigo Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, ta samu gurbi a teburin mai shayin nan tare da ƙwai. Taliyar leda ta shiga tukunyar kowane gida. A Nijar wata daga Najeriya take zuwa, wata kuma daga Aljeriya ta hanyar Agadas. Daga nan shawarma ta fito daga shagunan Kwara, wato 'yan Labanan da suka daɗe a Kano, ta bazu bakin titi. Fiza ita ce 'yar autar wannan jerin. Ba ta zo ta tarar da baki yana ƙyamar fulawa ba, ta tarar an shekara sittin ana koya masa.

Dalilan da suka sa ta karɓu yanzu ba ɓoyayyu ba ne. Na farko yawan matasa: kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, arewacin Najeriya ma ba ta yi nisa da haka ba. Yaro ba ya da tsohon ɗanɗanon da zai kare, abin da ya gani a waya shi yake sha'awa. Fiza kuwa abinci ce mai kyan hoto, zagayayya, mai launi, ga cuku yana jan zare idan an ɗaga yanka. Tuwo da miyar kuka, duk daɗinsu, ba su da wannan farin jinin a Instagram da TikTok.

Akwai kuma tafiye-tafiye, wanda a ganina ba a ba shi nauyin da ya kamata idan ana wannan magana. Samarin jihar Maraɗi sun daɗe suna zuwa Libiya neman kuɗi. Libiya kuwa Italiya ce ta mallake ta daga 1911 har zuwa yaƙin duniya na biyu, ta bar mata makaroni da fiza a matsayin abincin kowa da kowa. Yaron da ya yi wanke-wanke ko aikin ƙulli a gidan abinci a Sabha ko Tarabulus yakan dawo da abu biyu: bakin da ya saba, da hannun da ya iya. Saboda haka ba ta Legas da Amurka kaɗai fiza ta shigo mana ba, ta ratso hamada ma, kamar yadda gurasa ta yi a zamanin ayari.

A Yamai labarin ya ɗan bambanta. Can gidajen abinci irin su Le Pilier, mai girkin Italiya, wanda kuma aka san shi a Agadas tun zamanin masu yawon buɗe ido, sun daɗe suna ciyar da ma'aikatan ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji da manyan ma'aikatan gwamnati. A irin waɗannan wurare da otal-otal ne kukun ƙasa suka koyi aikin, wasunsu suka fita suka buɗe nasu. A Maraɗi, inda fatauci da Katsina da Kano ya tara dukiya a hannun alhazai, ga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta tara ɗalibai daga sassa daban-daban, masu sayen irin wannan abinci 'yan gida ne, ba baƙi ba.

Sannan akwai zance. Ba ƙaramin abu ba ne. A da saurayi kan je da goro da turare da 'yan kuɗin toshi, daga baya tsire da balangu suka shiga. Yau a biranenmu kwalin fiza ko ƙunshin shawarma ya zama shaidar cewa saurayi wayayye ne kuma aljihunsa da nauyi. Abinci idan ya shiga harkar neman aure, ya samu gindin zama.

Masu sayar da ita kashi uku ne. Akwai manyan kamfanoni masu rassa, waɗanda komai nasu a ƙa'ide yake, daga nauyin ƙulli zuwa mintocin gashi, kuma daga babbar ma'ajiya ɗaya ake rarraba musu kaya. Akwai gidajen abinci da gidajen burodi da suka ƙara fiza a cikin abin da suke sayarwa. Sai kashi na uku, wanda ya fi jan hankalina: matan da ke gasawa a cikin gidajensu.

Wannan kashi na uku sabon abu ne a ido, tsohon abu ne a asali. Matar Bahaushe ta daɗe da sana'ar cikin gida. Ƙosai, waina, ɗanwake, fura, ƙuli-ƙuli, duk daga bayan katanga suke fitowa, yara su ɗauka a kai su zaga gari. Masu bincike irin su Polly Hill da Enid Schildkrout sun yi rubutu tun shekarun 1960 da 1970 kan girman wannan ɓoyayyar kasuwa a ƙasar Katsina da Kano. Abin da ya faru yanzu shi ne waya ta karɓi aikin 'yar talla. Mace ta koyi haɗa ƙulli a YouTube ko a ajin koyon girki na mako biyu, ta sayi ƙaramin tanderun gas, ta ɗora hoto a WhatsApp, a turo kuɗi ta waya, ɗan kabu-kabu ya kai saƙo. Ba ta biyan hayar shago, ba ta fita daga gidanta, kuma yarinyar da a da za ta yini da tire a kai tana iya zama a aji. Wannan riba ce ta gaske, ina kuma ganin duk mai sukar abincin zamani ya kamata ya fara amsa ta kafin ya ci gaba da suka.

To, yanzu mu buɗe kwalin mu duba abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya.

Gindin fiza fulawa ce, fulawa kuwa kusan dukkanta daga alkamar waje take. Najeriya na shigo da alkama sama da tan miliyan 4 a kowace shekara, abin da take nomawa bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da take ci ba. Ba don ba a gwada ba. An gina madatsar Tiga a 1974 don noman rani a Kadawa da kewaye, an gina ta Bakolori a ƙasar Sakkwato, an haƙa magudanai a gefen Tafkin Cadi, duk da burin alkama a ciki. A 1985 Gunilla Andrae da Björn Beckman suka fitar da littafinsu The Wheat Trap, inda suka nuna yadda ƙasar ta faɗa tarkon sabo da abincin da ba ta iya nomawa. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama gaba ɗaya. Fasa-ƙwauri ya cike giɓin, a 1992 aka janye haramcin. Matsalar ta yanayi ce kafin ta zama ta siyasa. Alkama na son sanyi, sanyinmu kuwa ɗan gajeren hunturu ne. Idan manomi bai shuka ba daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, zafin Maris zai riski amfanin kafin ido ya cika. A Nijar ana noma ta a fadamun ban ruwa irin na Birnin Ƙonni da lambunan Ayar, amma abin bai kai ya riƙe gidajen burodin Yamai kaɗai ba.

Manomin Tchaké ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. Gonarsa ta tudu ce, rairayi ne, ruwan sama na wata uku zuwa huɗu take jira. Hatsi da wake da ɗan gyaɗa da riɗi su ne abin da take bayarwa. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi noman gero a duniya, tan miliyan 3 ko fiye a shekarar da damina ta yi kyau, jihar Maraɗi kuma na cikin manyan rumbunanta. Duk lokacin da wani gida a birni ya bar tuwon dare ya koma taliya ko burodi ko fiza, tiya ɗaya ta ragu daga abin da za a nema a wurin wannan manomi. Ba na cewa fiza ce za ta karya kasuwar hatsi. Abin da ake ci nata bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da burodi da taliya, kuma yawan jama'a na ƙaruwa da saurin da hatsin ma ba ya isa. Damuwata ita ce wane ne ke barin hatsin. Masu kuɗi ne, masu ilimi, masu iya biyan farashi mai kyau don gari mai tsabta da aka surfa aka niƙa aka ƙulla a leda. Idan hatsi ya zama abincin wanda ba shi da zaɓi, babu ɗan kasuwar da zai zuba jari wajen inganta shi, babu kuma yaron da zai yi alfahari da noma shi.

Sai cuku, wanda shi ne ya fi kowane kayan haɗi tsada, shi ne kuma ya fi ba ni takaici. Nijar ƙasar dabbobi ce. Arewa da Mayahi da Dakoro ƙasar kiwo ce, jar akuyar Maraɗi ta yi suna har a ƙetare, shanun Azawak kuma na cikin masu yawan nono a yankin Sahel. Muna da cukunmu na gargajiya, wanda matan Fulani da Buzaye ke shanyawa falle-falle a kan tabarma, a ci da shayi ko a daka a cikin fura. Amma mozarela, cukun da ke narkewa yana jan zare a kan fiza, yawanci a jirgi yake zuwa a daskare, ko kuma a haɗa mai kama da shi da garin madarar waje da man itatuwa. Cukunmu busasshe ne, ba ya narkewa. Wara ta Fulanin kudu, wadda ake daskararwa da ruwan tumfafiya, ita ma ba ta narkewa, soyuwa take yi.

Shin yin mozarela wani sirri ne da ya fi ƙarfinmu? A'a. Ana daskarar da sabon nono, a bar shi ya ɗan yi tsami daidai gwargwado, a zuba a ruwan zafi a yi ta ja ana ninkewa har ya yi santsi. Matar da ta iya kaɗa nono ta fitar da man shanu za ta iya koyon wannan a 'yan kwanaki. Abin da ya gagara shi ne sanyi da hanya. Nonon da aka tatsa da asuba a ruga dole ya isa wurin sarrafawa cikin sa'o'i kaɗan, cukun kuma dole ya zauna a firji daga ranar da aka yi shi har ranar da zai hau ƙulli. A Nijar, ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da wutar lantarki, a karkara ma abin bai kai haka ba, wannan shi ne katangar. Ga kuma damina da rani: da damina nono ya yi yawa har ya rasa mai saye, da bazara saniya ba ta da abin da za ta ba ɗan maraƙinta. Mai gidan fiza yana son kaya iri ɗaya kowane mako, shi ya sa yake komawa wurin mai shigo da na waje. Kamfanonin madara na Yamai ma sun fi dogara da garin madarar waje saboda wannan dalili, Najeriya kuma na kashe sama da dala biliyan 1 a shekara wajen shigo da madara da danginta.

Tumatir labarinsa ya fi kusa da gida, amma shi ma akwai ciwo a ciki. A Kadawa da Kura, lokacin kakarsa, kwanduna kan ruɓe a bakin hanya. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin Najeriya ba ya kaiwa tukunya. Kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa a 2016, a shekarar ce kuma tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma suka raɗa wa suna sharon, ta cinye gonaki, masana'antar ta tsaya, ta yi ta buɗewa tana rufewa bayan haka. Gwangwanin da mai fiza ke buɗewa sau da yawa markaɗen ƙasar Sin ne aka ƙulla. Alhali kuwa kauɗa, busasshen tumatirin da ke cike da kasuwanninmu ake kuma raina shi, irinsa ne Italiyawa ke jiƙawa a man zaitun su sayar da tsada.

Abin da ya rage namu tsantsa shi ne albasa da tattasai da nama. Albasar Galmi ba ta da na biyu a Afirka ta Yamma, ita da kilishin Nijar har rajista aka yi musu a hukumar OAPI don kare sunansu. Naman ma na gida ne, tunda a ƙasar Musulmi dole a bar na alade da ake sawa a Turai a koma na sa da kaza, har manyan kamfanonin suka ga wajibi su fito da fiza mai ɗanɗanon tsire. Amma waɗannan ba su ne mafi tsada a cikin kwalin ba. Idan aka haɗa fulawa da cuku da yis da gwangwani da kuɗin amfani da sunan kamfani, mafi tsokar kuɗin waje take nufa.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna haɗarin hakan a fili. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, farashin alkama a duniya ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, don ƙasashen biyu ne ke fitar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake fataucinta. A Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, a Yuni ta saki naira, dalar da ake canzawa a kan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 cikin shekara guda. A Fabrairun 2024 matan da ke yin gurasa a Kano suka fito zanga-zanga saboda buhun fulawa ya wuce naira 40,000. Wannan hoton ya tsaya mini a rai fiye da kowace ƙididdiga. Mai fiza zai iya ƙara kuɗi, masu sayensa su yi ƙorafi su biya. Mai gurasa talaka take sayar wa, ba ta da inda za ta matsa.

A Nijar kuwa juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya jawo takunkumin ECOWAS. Aka rufe iyakar Benin, hanyar da yawancin kayan ƙasar ke bi daga tashar Kwatano, Najeriya ta yanke wutar da ke ba Nijar wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkinta. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da haɗari. Sojojin Faransa sun fice a Disamban 2023, na Amurka a 2024, baƙi da yawa suka bi su. Gidan abincin da ya dogara da cukun Turai da firji mai wuta da aljihun Bature ya ga duka ukun sun girgiza a lokaci guda. Mai tuwo da mai fura su ma sun sha wuyar tsada, amma kayan aikinsu ba ya jiran jirgi.

Batun lafiya ba sai na tsawaita ba. Fulawar da aka cire wa dusa, gishiri mai yawa, kitse, ga lemun kwalba a gefe: wanda ya mayar da wannan cimar kullum yana kiran hawan jini da ciwon suga, cututtukan da asibitocin biranenmu suka riga suka cika da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, 'yan yanka kaɗan na fiza mai nama kan kai mutum kusa da haka. Tsadarta ce ke kare yawancin mutane. Mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne tun farkon 2024, a Najeriya naira 70,000 tun Yulin shekarar. Mai irin wannan albashi ba zai ci ta kowane mako ba. A jihar Maraɗi, wadda yunwar 2005 ta fi yi wa illa, inda har yau ake auna damtsen yara a asibitocin karkara, kuɗin babbar fiza ɗaya hatsin kwanaki ne ga iyali guda. Wannan tazarar tana ci mini rai, ko da yake na san ba mai gasa fiza ne ya haƙa ta ba.

Wani abin da na lura ba a cika faɗa ba shi ne fiza ta dace da yadda muke cin abinci fiye da yawancin abincin Turawa. Ba ta son cokali, ba ta son kowa da farantinsa. A tsakiya ake ajiye ta, a sa hannu tare, kamar tiren shinkafa ranar suna. Kuma da yake ana kawo ta har gida, ta kauce wa tsohuwar kunyar nan ta magidanci ya zauna cin abinci a bainar jama'a.

Saboda haka idan aka tambaye ni wane gidan fiza ya cancanci a gwada a Maraɗi ko Kano ko Yamai, ba suna nake bayarwa ba, alamomi nake bayarwa. A duba wuta: a Napoli tanderun itace kan haura digiri 400, fiza ta gasu cikin minti ɗaya da rabi, gefenta ya kumbura ya ɗan yi tabon wuta, cikinta da laushi. Wanda ya san tanderun gurasa ya san wannan zafin, shi ya sa nake ganin maginan tanderun Kano sun fi kusa da ainihin sana'ar fiye da mai ƙaramin akwatin lantarki. A duba ƙulli: wanda ya kwana ya tashi a hankali yana da ƙamshi, ba ya zama a ciki kamar dutse. A ɗanɗana miyar a ji ko ɗanyen tumatir ne ko gwangwani da sukari. Sannan a tambayi mai shagon daga ina cukunsa yake. Tambayar kanta tana da amfani, don ɗan kasuwa na sauraron abin da masu saye ke yawan tambaya.

A nan ne ƙananan masu sana'a suka fi manyan kamfanoni damar yin abin da zai taɓa Tchaké. Reshen kamfani ba shi da ikon sauya ko cokali ɗaya na abin da aka rubuta masa. Matar da ke gasawa a gidanta kuwa gobe ma tana iya gwada sabon abu. Gero ba shi da danƙon nan na alkama da ke riƙe iska ya sa burodi ya tashi, shi ya sa burodin gero zalla ba ya yiwuwa, kuma ƙoƙarin da aka yi na cakuɗa garin gida da fulawa, irin burodin gero na Senegal da burodin rogo da gwamnatocin Obasanjo da Jonathan suka matsa a kai, bai yi nisa ba. Amma fiza ba ta bukatar tashi irin na burodi. Faifai ce siririya, tana ɗaukar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na garin gero ba tare da ta karye ba, ga ɗanɗanon da bakinmu ya sani tun yaye. Kilishi da kauɗa da albasar Galmi da zogale ba sa bukatar firji. Busasshen cukunmu, idan aka goge shi a bisa bayan an sauke, zai yi aikin da busasshen cukun Italiya ke yi.

Mozarelar ce mai wuya, ita ce kuma mai riba. Tana bukatar wurin tara nono kusa da makiyaya, da firji mai aiki da hasken rana, da babur mai akwatin sanyi da zai kai kaya kwalta, da masu shaguna uku ko huɗu da za su yi alkawarin saye duk mako ko da na waje ya ɗan fi arha. Daga Tasawa zuwa Maraɗi tafiyar sa'o'i biyu ce a kan babbar hanya, daga Maraɗi zuwa Katsina ta Dan Isa da Jibiya ba ta kai haka nisa ba, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. A watan Agusta, lokacin da ciyawa ta rufe ƙasa tsakanin Mayahi da Dakoro, matan ruga kan yini a kasuwa da ƙwaryar nono su koma da saura, a makon da mai fiza a Maraɗi ke jiran kwalin cuku ya iso daga Lome.